Jan Layi a Wuyan Auta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu ya riga mu gidan gaskiya. Yayan mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni a Maradi, shi ya ɗauko ni ya kawo ni New York, a gidansa na yi aure, gidansa na dawo da auren ya mutu. Ya cika da hantsi a asibiti, cikin tsananin sanyi, muka kai shi makwancinsa a maƙabartar Musulmi can hayin New Jersey.

Gidanmu a unguwar Highbridge ta Bronx hawa na biyar ne, kuma kamar da gayya lifta ta mutu a makon. Duk da haka mutane suka hawo. Takalma suka cika baranda har ƙofar maƙwabta. 'Yan tebur abokan sana'arsa suka nannaɗe kayansu da rana tsaka suka zo, abin da ko ranar Sallah ba su cika yi ba. Alhajin da teburinsa ke jikin na Kawu a bakin tashar jirgin ƙasa, wanda kullum suna faɗa kan wa ya shiga wurin wani, shi ya fi kowa kuka. A matakala ya zauna ya kasa ƙarasowa. Matan Zango 'yan Ghana suka ƙwace kicin suka kore ni, wai mai makoki ba ta riƙe ludayi. Maƙwabciyata, nas ce 'yar Jos, Kirista, ta yafa gyale ta wuni tana raba ruwa da dabino.

Kowa ya shigo sai ya ce, "Ya haƙuri? Allah Ya jiƙansa." Sai kuma in ga idonsa yana zagaya falon yana neman mutum ɗaya. Ba wanda ya yi ƙarfin halin tambaya, sai wata tsohuwa daga unguwar Soundview da bakinta ba ya riƙe magana.

Ta ce, "Ni wai ina Auta? Uba ya mutu ba a ga ɗa ba?"

Auta shi ne ɗan Kawu na ƙarshe, kuma shi kaɗai ne namiji. Ƙwaya ta cinye shi, yana kwana a titi ko a gidajen kwanan marasa gida da muke ce wa shelta. Bai san mahaifinsa ya rasu ba. Abin da ya fi wannan ciwo, yana can yana gudu daga unguwa zuwa unguwa da tunanin tsohon nemansa yake ya kashe shi. Wannan ne ya hana ni sukuni, kuma shi ya sa na zauna nake wannan rubutu.

Da tsohuwar ta ga ba mai amsa mata, sai ta juya ga kantar da ke saman kujerar Kawu. Littattafan ɗiyata ne jere a wurin, irin na zane na Japan da ake kira manga. Ta zaro ɗaya, ta yi ido huɗu da wani dodo mai haƙora har kunne, ta yi a'uzubillahi ta kusa jefar da shi. Sai ta ƙara dubawa, ta ga jan layi a wuyan dodon, ta buɗe gaba ta ga wani. Ta ce, "Allah sarki Malam, ashe duk ya yanka su." Tsofaffin wurin suka gyaɗa kai, don kowa ya gane.

Wanda bai san Kawu a Maradi ba ba zai yarda ba, amma mai zanen motocin katako ne, kuma gwani. Zaki, mikiya, ɗan dambe da hannu a naɗe, duk ya iya. Direbobi har daga Zinder da Katsina suke kawo masa mota. Ina ƙarama nakan riƙe masa gwangwanin fenti, in ga zaki yana fitowa daga katako kamar zai yi magana. Sai wata shekara ya ji wa'azi cewa mai zana abu mai rai za a ce ya busa masa rai ranar ƙiyama. Ya dawo gida ya wanke buroshinsa, ya rabar da fentin. Tun daga ranar, duk abu mai rai da ya shigo gidansa a jikin takarda, kalanda ce ko kwalin shayi, sai ya ja masa layi a wuya da jan biro. Wai ya yanka shi, ya tashi daga mai rai, mala'iku su samu shiga. A wurinmu wannan ba baƙon abu ba ne, tsofaffi da yawa haka suke yi.

A nan New York huluna da safar hannu yake sayarwa. Mutum ne mai tsauri, dariyarsa sai an yi da gaske. Duk labarin da ka kawo masa, na daɗi ko na tashin hankali, amsarsa ɗaya ce: "To, mun gani." Ni kuwa bakina ba ya mutuwa, in ce, "Kawu, me kuka gani? Ba ka ga komai ba!" Ya ce, "Ke dai da surutu kamar rediyon direba." Amma in ƙanƙara ta sauko ya ga mutum ya wuce hannu tsirara, baƙi ne ko fari, mai hankali ko mahaukaci, sai ya kira shi ya zura masa safa, ya kawar da kai tun kafin a yi godiya. Yakan ce shi bai cika kallon fuska ba, hannu yake kallo.

Mutum ɗaya ya taɓa hana wa safar nan, kuma ɗansa ne. Auta ya faɗo daga tsani a wurin aikin gini, aka ba shi maganin ciwon baya, daga nan abin ya kama shi. Mun yi magani, mun yi rubutu, mun yi faɗa. Ranar wata Juma'a ya zo masallaci a buge, ya kife a sahu a gaban jama'a. Kawu ya miƙe ya ce a gaban kowa shi ba shi da ɗa, ya dawo gida ya canza makulli. Na yi masa tijara ranar, wallahi ban rage masa komai ba, ya ce, "To, mun gani." Da sanyi ya zagayo Auta ya je teburin, ya rame, gemu ya cukurkuɗe, hannu duk ya tsage. Ya tsaya a gaban Kawu. Kawu ya juya baya yana gyara huluna har yaron ya gaji ya tafi. Alhajin maƙwabcinsa ne ya ba ni labari, ya ce bayan tafiyar Auta Kawu ya kasa ɗaure igiyar tebur, sai shi ya ɗaure masa.

Rigimar littattafan kuwa daga baya ta zo. Ɗiyata a nan aka haife ta, tana jin Hausa sarai amma da Turanci take amsawa. Kawu amaryata yake ce mata, ita kuma ta ce ba ta son tsohon miji mai warin man zafi. Ta tara manga ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, tana ji da su kamar ƙwai. Rannan ta dawo daga makaranta ta tarar da Kawu zaune da jan biro, ya gama da littafi na farko kaf, yana cikin na biyu. Ihun da ta yi har maƙwabciyata ta fito. Ta ce ya lalata mata, ya kashe mata mutane. Ya ce, "Mutane? Shaiɗanu kika tara mini a gida, amarya. Taimakonki na yi." Ta daina gaishe shi, ta daina kai masa shayi. Ni na rasa bayan wa zan bi, don kowannensu kansa kamar dutse.

Shi ya fara saukowa, ta hanyarsa. Wata ranar Lahadi bayan la'asar ya ce mata, "Zo nan. Su waɗannan mutanen wa ya koya musu fara littafi daga dama?" Ashe abin ya tsaya masa a rai, don manga daga dama ake buɗe shi kamar allo. Ta ce haka Japanawa suke yi. Ya ce, "To, suna da tarbiyya." Ya nuna wani shafi ya ce ta gaya masa me ake ciki. Ta zauna tana fassara masa da gurguwar Hausarta, yana gyara mata, tana murguɗa baki.

Labarin wani maharbin dodanni ne, magidanci, mai yawo da fitila da gajeriyar wuƙa. Dodannin duk mutane ne a da, baƙin ciki ko fushi ya girma a cikinsu har ya cinye kamanninsu. Maharbin ba jarumin a zo a gani ba ne. Yana jin tsoro, gwiwarsa tana ciwo, kuma duk dodon da ya kashe sai ya koma gefe ya yi amai. Wannan ya burge Kawu. Ya ce, "Wannan ya san abin da yake yi ba abin alfahari ba ne."

Amma zanen ne ya kama shi da gaske. Sai ya sa tabarau ya kai littafin bakin taga, ya daɗe a shafi ɗaya. Ya nuna mini yadda mai zanen yake sa tawada ta yi kauri a wuri ɗaya ta sirance a wani, da yadda yake barin rabin shafi fari fat don mai kallo ya ji shirun wurin. Ya ce a zamaninsa tsoron fili suke ji, duk inda katako ya rage sai sun cusa fure, shi kuwa wannan bai ji tsoro ba. Sai kuma ya gano abin da ɗiyata ma ba ta lura da shi ba. Duk munin dodo, baki goma, ido a ƙirji, mai zanen yakan bar masa hannun mutum. Kawu ya riƙa bi yana faɗa: wannan hannun masunci ne, wannan na mai ɗinki, wannan uwa ce, dubi yadda ta lanƙwasa tafin kamar za ta tallafi kan jariri. Yana yi yana jan layinsa, sai dai yanzu da izinin amarya, kuma siriri, a hankali, don kada ya ɓata aikin mutum.

Akwai wani dodo da ke zaune ƙarƙashin gada, ƙato, baƙi ƙirin, tawada kamar an zubar. Hannunsa na saurayi ne, kuma a dunƙule, a ɗage, kamar mai shirin ƙwanƙwasa ƙofa. Da maharbin ya matso da fitila sai aka nuna abin da dodon yake tunawa. Shafi guda cur, ba magana ko ɗaya, ƙofa ce a rufe, da inuwar ƙafafun wani dattijo ta ƙasan ƙofar, yana tsaye yana ji, bai buɗe ba. Ina kicin na ji fassarar ta tsaya. Na leƙo na ga Kawu da biro a hannu, murfin a baki, bai ja layin ba. Ya tambayi ɗiyata, "Uban ya fito daga baya?" Ta duba gaba ta ce a'a, ba a sake nuna shi ba. Na jira in ji "mun gani", ban ji ba. Ya rufe littafin ya shiga ɗaki.

Washegari ya ce zai nemi Auta. Na yi hamdala, na kawo masa hotunan da ke wayata. Ya duba ya ce, "Wa zai gane shi da wannan kumatun? Ba haka yake ba yanzu." Ashe ranar da ya juya masa baya a tebur ya ga komai. Ya karɓi farar takarda da baƙin biro a wurin amaryarsa. Mutumin da rabonsa da zane tun ina yarinya ya zauna ya fito da Auta kamar ya yi numfashi: ramin ido, gemun, tabon tsani a goshi, da hannu biyu a tsage a gaban ƙirji. Ya yi irin na manga, gefe ɗaya duhu, gefe ɗaya fari. Na ga zanen na fashe da kuka na tafi aiki. Ban ga lokacin da ya ɗauki jan biro ya ja layi a wuyan ba. A wurinsa kammala aiki ne kawai, kamar shafa addu'a.

Haka ya shiga gari, tsoho da babbar riga da rawani a kan jaket, Turancinsa bai wuce na ciniki ba. Ya bar wa Alhaji tebur, ya bi jirgi mai lamba huɗu tasha tasha, ya bi ƙarƙashin gadoji, ya shiga shelta bayan shelta. Ya miƙa takarda ya ce yana neman wannan. Yakan dawo yana mamaki. Ya ce mutanen garin nan ba su da kirki, kowa ya kalli zanen sai ya ja da baya, a wani wurin ma har an kira masa mai gadi.

Maƙwabciyata nas ce ta gano. Ta shigo aron tukunya ta ga takardar a kan kujera, ta dafe ƙirji. Ta ce, "Baba! Wannan kake nuna musu?" Ya ce eh, bai yi kama ba ne? Ta ce, "Baba, ka zana mutum an yanka masa wuya, ga jini. Duk wanda ya gani zai ce kashe shi za ka yi." Kawu ya karɓi takardar ya duba kamar bai taɓa ganinta ba. Ni ma sai a lokacin na gan ta da idon mutanen nan. Ba a daɗe ba wani direban tasi ɗan Kumasi da ya san Auta ya kawo mana sauran labarin. An gaya wa Auta wani tsoho mai rawani yana farautarsa da hotonsa a yanke. Ya tattara bargonsa ya bar Bronx, ba wanda ya san inda ya nufa.

Ban taɓa ganin Kawu ya tsufa ba sai a makon nan. Ya daina faɗa da Alhaji, ya daina tsokanar amarya. Sai wata safiya ya sake karɓar takarda ya zana Auta daga farko. Ya gama, jan biro yana gefensa, ya tura shi ƙarƙashin kujera da ƙafa. Na ce, "Kawu, wa'azin fa?" Tsokana nake, amma shi da gaske ya amsa. Ya ce, "In an ce in busa masa rai, zan ce ɗana ne, da ransa na bar shi." Ɗiyata ta ce a buga da yawa a liƙa a tashoshi. Ya ƙi, ya ce ba zai liƙa ɗansa a bango kamar ɓarawo ba, da hannunsa zai kai.

Da hannunsa ya kai, har Brooklyn, har Port Richmond ta jirgin ruwa, cikin iskar da ke yanka fuska. Na hana, na ɓoye masa takalmi, na yi masa ihu cewa zai kashe kansa ya bar ni da marayu biyu, Auta da amaryarsa. Ya ari takalmin Alhaji ya fita. Tari ya kama shi, ya zama ciwon huhu. A asibiti ya riƙe hannuna ya ce in Auta ya zo in gaya masa makullin yana wurin maƙwabciya. Da suka miƙo mini kayansa a leda, zanen yana aljihun jaket, ya yi laushi don naɗewa da warwarewa.

Har yau ina jin haushin Kawu, ba zan ɓoye ba. Da ya miƙa wa Auta safar hannu ɗaya ran nan, da ta isa. Kuma ina kewarsa har ƙirjina yana ciwo. In na shigo gida da yamma sai in ji kamar ƙarar biro a kan takarda daga wajen taga, in tsaya da makulli a hannu har abin ya wuce. Ɗiyata ba ta ƙara buɗe littattafan ba, ta ce duk shafin da ta buɗe tana ganin inda hannunsa ya bi. A jirgi kuwa na zama mai kallon hannun mutane. Duk wanda ya duƙa a lungu da bargo sai na matsa na duba, wasu su zage ni, wasu su miƙo kofi.

Bayan sadakar arba'in, ina tsaye a bakin titi ina jiran bas da rana, wayata ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Na ɗauka na ji hayaniyar tasha, sai murya ta ce, "Yaya, ni ne."

Na jingina da ƙarfen fitila. Na ce, "Auta! Kana ina? Tsaya, don Allah ka saurare ni."

Ya ce, "Ba zan daɗe ba, wayar wani ce. An ce an kwana biyu ba a ga tsohon ba. Ki gaya mini gaskiya, ya daina nemana?"

Na ce, "Ya daina, amma Auta, Kawu..."

Ya ce, "Alhamdulillahi." Na ji ya sauke numfashi mai tsawo, irin na wanda ya daɗe da kaya a ka. Ya ce, "Yau zan yi barci. Ki gaida amaryarsa." Ya kashe.

Na kira lambar. Wani bature ya ɗauka, ya ce wani mutum ne ya roƙe shi waya a tasha, ya yi godiya sosai, ya shiga jirgi. Bai lura da wane jirgi ba.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa taurin kansa, Ya karɓi tafiyar da ya yi cikin sanyi, Ya haskaka kabarinsa a ƙasar da ba tasa ba. Shi kuma wancan, ya Allah, Ka sa ya sake aron waya.